Daga Zariya Zuwa Bakin Tekun Kalaba, Kallon Tsuntsaye da Namun Ruwa

Mu uku muka tashi daga Zariya ranar 10 ga watan Rajab, wanda ya faɗo cikin Janairu, da niyyar zuwa bakin teku ta wajen Kalaba da Akwa Ibom don kallon tsuntsaye da namun ruwa. Ba kara-zube muka tsayar da ranar ba. Kalaba na shan ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, ninki uku ke nan na abin da muke samu a Zariya, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ne sama take ɗan sararawa har a iya shiga daji ba tare da mota ta kafe ba. A wannan tsakanin ne kuma tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suke nan, irin waɗanda muke gani a Dagona da fadamun Haɗeja da Nguru. Dalili na uku shi ne wata: muna so tsakiyarsa ta riske mu a bakin ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 muka ɗauka. Takwas ɗin ita ce yawan ninkin da yake jawo abu, 42 ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai ninki 10 ko 12 ya fi daɗi a fili irin na madatsar Kubanni inda ƙasa take tsaye cak, amma a kwalekwale duk motsin ruwa sai ya ninka maka shi a ido, kuma a kurmi faɗin gilashi ne ke tara ɗan hasken da ake da shi. Sai littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, da ledoji masu zugewa, da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Farar shadda a bar ta a gida. Riga mai dogon hannu, marar nauyi, ruwan ƙasa ko kore mai duhu, ita ce ta aiki, domin fari daga nesa tsuntsu ke hango shi, baƙi da shuɗi mai duhu kuma suna jawo tsando.

Bayan sallar asuba muka shiga mota a Kwangila, hazo ya rufe gari har fitilar motar gaba da ƙyar ake ganinta. Kaduna, Abuja, muka sake mota zuwa Makurɗi ta Keffi da Akwanga da Lafiya, muka ƙetare gadar Binuwai bayan magariba, muka kwana ta wajen Wadata inda 'yan uwa Hausawa suke da yawa. Kuɗin mota zuwa nan ya ci wa kowannenmu naira 25,000.

Rana ta biyu ita ce tafiyar. Daga Wurukum muka kama hanyar Gboko, muka shiga jihar Kuros Riba ta Ogoja, sai Ikom, sai Ugep, sai Akamkpa, wata naira 25,000 ɗin. Wanda ya zauna kusa da taga zai ga ƙasa tana sauya riga a gabansa. Kuka tun kafin Binuwai take ƙaranci, ɗorawa da kaɗanya su raka ka har ƙasar Tibi, daga nan kwakwar manja ta karɓe hanya. A Ikom gonakin koko ne ƙarƙashin manyan itatuwa, kusa da Kalaba kuma layukan itacen roba, kowanne da ɗan kofinsa a ɗaure a gindi. Leɓen da hunturu ya farfasa mana ya daina zafi tun muna Ogoja. A Ikom ne hanyar Obudu ta rabu, wadda ke kai mutum Boje, inda miliyoyin tsattsewa 'yan Turai ke kwana cikin dogayen ciyayi a irin wannan lokaci. Ba mu bi ta ba, amma wanda yake da rarar kwana biyu ya sa ta a lissafi.

Shingayen bincike na daina ƙirga su bayan na ashirin. Sun fi yawa tsakanin Ogoja da Ikom, domin iyakar Kamaru tana kusa, ta Mfum. Abin da ke jawo tambaya shi ne madubin hangen nesa da kyamara mai dogon baki a hannun mutanen Arewa. A wuri biyu aka sauke mu aka buɗe jakunkuna. Abin da ya raba mu da su cikin sauƙi abu uku ne: katin ɗan ƙasa, rasidin sayen kayan, da littafin tsuntsayen. Ka ɗora littafin a saman jaka yadda shi za a fara gani, ka buɗe hotunan da ke cikin kyamarar da kanka tun ba a nema ba, kuma kada ka ɗaga ta kusa da shinge ko gada ko da shaho ne ya sauka a kan turke. Direba ba zai jira ka fiye da minti goma ba, sauran fasinjoji kuma haƙƙinsu ne su yi ƙorafi.

Ƙarfe tara na dare muka shiga Kalaba, muka nufi Bogobiri, unguwar Hausawa, inda masu tsire da 'yan canji suke kuma masallaci yake kusa. Ɗaki mai fanka muka kama, naira 18,000 a kwana a lokacin. Fankar muka zaɓa da gangan, domin kayan gilashi idan suka kwana a ɗaki mai na'urar sanyi, da ka fito da su cikin iskar garin sai su yi gumi ciki da waje, ka yi rabin sa'a ba ka ganin komai. Zafin Kalaba bai kai na Zariya a watan Afrilu ba, sai dai gumin ba ya bushewa. Rigar da ka wanke da daddare da safe za ka same ta da danshinta.

Wani dattijo mai sayar da goro da ya shekara fiye da talatin a garin shi ya zama mana ido. Na ce masa, "Baba, jirgi muke nema da zai kai mu cikin rafukan nan." Ya dube mu ya ce, "To 'ya'yana, jirgi ba wuya, matuƙin kirki ne wuya. Ku bari in aika a kira wanda na sani." Wannan shawara ta fi duk abin da muka karanta a intanet amfani. Shi ne kuma ya nuna mana inda za mu ci abinci hankali kwance. Miyar afang da ta edikang ikong ganye ne zalla da manja da kifi da ƙananan dodon koɗi, ana ci da fufu ko garin rogo, a lokacin kwano naira 3,000 ko kusa da haka, kuma ba ƙaramin daɗi gare su ba. Naman ruwa a wajenmu Malikawa babu matsala. Inda ake kula shi ne naman da aka haɗa a tukunyar, domin a garin ana cin naman kare da naman daji iri-iri. Ka ce ta kifi kaɗai kake so, ka kuma tambaya ko da romon nama aka ɗora ta. Ba sa jin haushin tambayar.

Washegari muka fara da gidan birai na Drill Ranch, cikin gari. Wata ƙungiya mai suna Pandrillus, wadda Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa, ita ta buɗe shi a 1991 don karɓar 'ya'yan birin diril da mafarauta suka kashe iyayensu. Wannan biri a duniya wuri uku kaɗai yake: Kuros Riba, kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Bioko. Wanda ya san bikan Yankari zai ga kama a ƙira, amma diril wutsiyarsa guntuwa ce kamar ɗan yatsa, fuskarsa baƙa wuluk mai sheƙi, farin gashi ya kewaye ta. Babban namiji yana da jan zane ƙarƙashin leɓe, ɗuwawunsa kuma shuɗi da ruwan hoda, kuma launin yana ƙara fitowa gwargwadon matsayinsa a garke. Abin da ya gama da su a daji shi ne farauta da karnuka: karnuka su kora garke duka ya haye bishiya, maharbi ya tsaya a ƙasa yana kakkaɓo su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin biran suna babban gandun ƙungiyar a gindin dutsen Afi, na Kalaba kaɗan ne, tare da wasu birai cimfanzi. Ba a miƙa musu abinci, mai mura kuma ya tsaya nesa, domin cutarmu tana kama su. A bar musu gudummawa kafin a fita, ayaba da gwandar da suke ci kullum saye ake yi.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ya kai mu. Ran 13 ga wata muka sauka bakin kogin Kalaba tun da asuba, bisa al'adarmu ta Arewa cewa tsuntsu da sassafe ake samunsa. Muka ba matuƙi naira 45,000 har da mai, muka yi zagaye. Ruwa cike yake har cikin ganyen itatuwa, babu tudu babu laka, abin da muka gani bai wuce shirwa da hankaka da balbela ba, waɗanda ko a Tudun Wada muna da su. Ranar mun daidaita ta, sa'ar ce muka kuskure.

Ga yadda abin yake. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a yini da kwana, daga cika zuwa cika sa'a 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. Wata ne ke jan sa, rana tana taya shi. Idan wata ya tsaya, da kuma daren 14 da 15, jan nasu yana haɗuwa, sai cikar ta fi kullum tsawo, janyewar ma ta fi kullum nisa. A kwanakin 7 da 22 kuwa bambancin kaɗan ne. Kalaba ba a kan teku take kai tsaye ba, tana can cikin kogi, amma cikar tana hawowa har ta wuce ta. Tsuntsayen bakin ruwa ba ruwansu da safiya ko maraice, lakar da ruwa ya bari suke ci, kuma lakar sai ya janye take fitowa. Bahaushe da ya saba lissafin wata don azumi da salla ya riga ya riƙe rabin ilimin. Sauran rabin a bakin matuƙi yake: ka tambaye shi tun jiya ƙarfe nawa ruwa zai kai ƙasa gobe, ba ƙarfe nawa yake son tashi ba.

Ran 14 muka tashi ƙarfe goma da kwalekwalen katako mai inji, lita 30 na fetur da aka gauraya da baƙin mai, da rigunan hana nutsewa guda uku da muka dage sai da aka kawo. Naira 70,000 muka biya. Wurin da jiya muka wuce a kan ruwa yau gaɓa ce mai tsayin da ya fi mutum, baƙar laka mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, saiwoyin bishiyar mangurof a tsaye a kanta kamar ƙafafun gizo-gizo. Bishiyar nan abin kallo ce ita kanta. A laka marar iska take tsiro cikin ruwa mai gishiri, don haka saiwoyinta daga jikin kututture suke fitowa su lanƙwaso ƙasa, ta cikinsu take shaƙar iska. Irinta tun yana kan uwa yake tsira, ya yi tsawo kamar kara, ya faɗo ya cake a laka ko ruwa ya tafi da shi wani wuri. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin irin wannan kurmi.

Matuƙin ya jira a bakin wani lungun ruwa har janyewar ta tsaya, wajen sha ɗaya da rabi, sannan ya kashe inji ya ɗauki filafili. Dabararsa daidai ce, kuma duk mai zuwa ya riƙe ta. Idan ka shiga ƙaramin rafi ruwa yana janyewa, jirgi ya zauna a laka, to ka zauna ke nan sa'o'i cikin rana da ƙwari, kuma ba ka isa ka sauka ka tura ba, lakar tana haɗiye mutum har ƙugu. Idan kuwa ka shiga yana dawowa, ko ka kafe minti kaɗan ne zai ɗaga ka. Ga kuma riba ta biyu: ruwan da ke hawowa yana koro tsuntsaye zuwa gaɓa, su matso kusa da kai da kansu. Sa'a biyun da suka biyo bayan ƙarshen janyewa su ne zinariyar ranar.

Da inji ya mutu sai laka ta fara motsi. Kaguwa ce dubbai, kowace ba ta fi kan ɗan yatsa ba, namijin yana da hannu ɗaya da ya kusa girman jikinsa, yana ɗaga shi yana saukewa don kiran mace da gargaɗin abokin gaba. Ka motsa hannu su ɓace cikin ramuka gaba ɗaya, ka yi shiru minti biyu su fito. A tsakaninsu ga kifin da ke yawo a tudu, tsawonsa kamar taƙi, idanunsa a tsaye a saman kai kamar na kwaɗo, yana jan jiki da fikafikan gaba, idan ya tsorata ya yi tsalle a kan laka. Yana riƙe ruwa a kumatunsa, yana kuma shaƙar iska ta fata muddin tana da laima, shi ya sa yake ta birgima a caɓi. Mu da muka san gaiwa mai kwana cikin busasshiyar laka har damina ta dawo bai kamata mu yi mamaki ba, amma gaiwa barci take yi, wannan kuwa kiwo yake yi da faɗa a fili, yana ɗaga tutar bayansa idan wani ya shigo masa gona.

Tsuntsayen suka zo bi da bi. Zalɓe mai ruwan toka mai duhu da farin maƙogwaro, wanda bakin teku ne gidansa. Ɗan ƙaramin nan mai kaɗa wutsiya sama da ƙasa, wanda muke gani a gefen Kubanni da Galma, shi ma daga Turai yake. Sai wimbirel, mai girman budurwar kaza, baki dogo lanƙwasasshe zuwa ƙasa, kai mai zane biyu. A can ƙarshen arewacin Turai yake ƙyanƙyasa, ya zo nan ya zura baki a ramin kaguwa ya zaro ta, ya girgiza har babban hannun ya fita, sannan ya haɗiye. Mun kalli ɗaya ya yi haka sau huɗu. Tsuntsaye masu kamun kifi iri uku muka gani, mai fari da baƙi da ke tsayawa cak a iska kafin ya faɗo ruwa, da wani babba mai shuɗin ƙirji, da ɗan mitsitsi mai jan baki. A kan busasshen reshe kuma ga wata ungulu fara da baƙi mai jar fata a gefen ido, wadda abincinta 'ya'yan kwakwar manja ne, ta haɗa da kaguwa da mataccen kifi. Na daɗe ina kallonta, domin tamu ungulun da a da take cika mahauta a Zariya yau sai ka yi shekara ba ka ga ko ɗaya ba, tun 2015 ma tana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne nifa. Wata irin kwakwa ce marar kututture, ganyenta daga laka yake tashi kamar na tukurwa. A 1906 Turawa suka kawo ta Kalaba daga Asiya don ta riƙe gaɓa, 'ya'yanta kuma suna yawo a kan ruwa, duk inda aka sare mangurof sai ta riga shi kama wurin. Mun yi tafiyar minti ashirin hagu da dama ita kaɗai ce, kuma wurin shiru, tsuntsu ɗaiɗai. Matuƙin ya ce ƙarƙashinta ba a samun kifi da dodon koɗi kamar ƙarƙashin mangurof, domin babu saiwoyin da 'ya'yan kifi da jatan lande za su ɓuya. Saran kuwa don itacen banda ake yi, mun haɗu da kwalekwale biyu shaƙe da shi. Busasshen kifin bonga da kirefish da muke saye a kasuwar Sabon Gari, da yawansu daga wannan yanki suke zuwa, saboda haka hannunmu ma yana ciki.

Ayu na nan a waɗannan ruwaye, shi dai wanda masuntan Binuwai suka sani, amma ba mu gan shi ba, kuma duk matuƙin da ya yi maka alkawarinsa kuɗinka yake so. Hanci kawai yake fitowa da shi ya shaƙi iska ya koma. Ɗa ɗaya macen take haifa bayan cikin kusan shekara, don haka kowanne da ya mutu a raga ko aka kashe don mansa giɓi ne mai wuyar cikewa, kuma dokar ƙasa ta 1985 ta hana kama shi. Aku kuwa mun gani, shida, da la'asar muna dawowa, suna ƙetare kogi da sauri suna fito, jar wutsiya tana walƙiya. Akwai tsibiri a bakin kogin da sunan aku ake kiransa. Tun 2017 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda ya ga yadda suke tashi a garke ba zai ƙara sha'awar na cikin keji ba. Ba mu gangara can ƙasa ba, domin an sha jin labarin 'yan fashin ruwa tsakanin Kalaba da Oron, kuma Bakassi da aka miƙa wa Kamaru a 2008 ba ta da nisa. Inda matuƙi ya ce a juya, a juya.

Kwana ɗaya muka ba kurmin Oban. Gandun dajin ƙasa na Kuros Riba an kafa shi a 1991, sashe biyu ne, Oban da Okwangwo, faɗinsu duka kusan murabba'in kilomita 4,000, ofishinsa a Akamkpa, kuma nan ake karɓar izini da malamin daji mai rakiya. Wanda ya je da tunanin Yankari, inda ake zaune a mota giwa ta gitta, zai dawo da ɓacin rai. A nan itatuwa sun haɗe sama, ƙasa duhu, taku ashirin ne iyakar ganinka. Da kunne ake kallo. Wani babban cilakowa baƙi mai ƙahon baki, tun kafin ka gan shi za ka ji fikafikansa suna huci kamar zugazugin maƙeri. Birai sai dai reshe ya girgiza, ka ga wutsiya ta wuce. Gorilar Kuros Riba, wadda ba ta kai 300 ba a duniya, tana can arewa wajen Okwangwo da Afi, kuma masu bincikenta ma sukan yi shekaru ba su haɗa ido da ita ba. A cusa ƙafar wando cikin safa, a riƙa duban ƙasa kafin a tsaya, domin kwarkwasa tana ratsa hanya a layi, wanda ya tsaya a kanta yana kallon sama sai ya tuɓe. Muka biya ta magangarar ruwa ta Kwa, matakala sama da 200 zuwa ƙasa, hawowar ce aiki.

Zuwa teku sosai sai da muka bi hanyar Kalaba zuwa Itu, mai ramuka da tireloli, muka ƙetare gadar Itu, Uyo, Eket, sannan Ibeno inda kogin Kwa Ibo ya faɗa teku. Yini guda ta ci mana. Rairayi ne shimfiɗe iyakar gani, kwakwa a bayansa, bukkokin masunta da hayaƙin banda, da daddare kuma wutar iskar gas ta tashar mai tana haska gefen sama. Muka kama masauki naira 20,000 a Eket, da asuba muka hau babur zuwa bakin ruwa.

A nan ma janyewar ruwa ce ke shirya kallo. Wasu 'yan fararen tsuntsaye suna bin igiya da gudu idan ta koma, su juyo da gudu idan ta dawo, ƙafafunsu ba a ganinsu don sauri. Wasu masu rababbiyar wutsiya suna bin jiragen masunta suna faɗawa ruwa. Farar kaguwa mai launin yashi sai ta motsa kake sanin tana nan. Kififiyar teku tana hawowa wannan gaɓa ta yi ƙwai da daddare a watannin rani, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba kamar ɗari ta rufe, bayan wata biyu 'ya'yan su fito su nufi inda ya fi haske, wato teku. Tocila ko fitilar waya tana juya su zuwa tudu su mutu, tana kuma sa uwar ta fasa hawowa. Mai son dubawa ya rufe tocilarsa da jar leda, ya tsaya ta bayanta. Wani tsohon masunci ya nuna mana sawunta, kamar na tayar tarakta daga ruwa zuwa tudu, ramin kuma an riga an tone shi an kwashe.

Gargaɗi ga 'yan uwa da iyonsu na kududdufi ne ko na Galma: tekun nan ba kogi ba ne. Ruwan da igiya ta turo yana komawa ta wasu hanyoyi masu ƙarfi, kuma wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, babu kumfa, launinsa ya ɗan yi duhu. Nan ne yake jan mutum. Wanda ya faɗa kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, ya yi iyo gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga layin. Wanda bai iya ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Ƙwarin yashi kuma da magariba suke fitowa, ƙanana ne har ba a ganinsu, cizonsu yana kwana uku yana ƙaiƙayi, maganin shafawa na sauro da dogon wando su ne kariya.

Daga Uyo muka samu mota zuwa Abuja, muka kwana, washegari da azahar muna Kwangila, hazo na nan yadda muka bar shi. Duka tafiyar, kwana goma, ta ci wa kowannenmu kusan naira 330,000, kuma farashi a yanzu ba ya kwana wuri ɗaya. Da isowa, kafin a ajiye jaka, a goge jikin madubi da kyamara da tsumma mai laimar ruwan daɗi, domin gishirin iskar teku yana cin ƙarfe da sukurori a ɓoye. Gilashin kuwa a fara hure shi tukuna, ƙwayar yashi ɗaya idan aka murza ta ta bar zane har abada. A bar su a buɗe kwana biyu cikin iskar hunturu kafin a mayar da su kube, in ba haka ba fumfuna za ta tsiro cikin gilashi kamar saƙar gizo, kuma ba ta goguwa. Wanda ya ji zazzaɓi cikin mako biyu da dawowa ya je a gwada jininsa ranar, kada ya ce gajiyar hanya ce.